Firinta tana nuna adireshi biyu: wanne ne nata, wanne ne na aro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi firinta mai aiki da Wi-Fi. Da na buga takardar bayanan netwok daga cikinta, na ga adireshi biyu: 9C:4E:2A:71:B0:3D da kuma 192.168.1.37. Kwamfuta ta nemi adireshin firinta, na saka na farko ta ƙi, na saka na biyu ta karɓa. Aiki ya tafi daidai kusan mako guda. Yanzu kullum cewa take firintar ba ta kan layi, alhali fitilar Wi-Fi ɗinta a kunne take, kuma wayata tana tura mata aiki ta buga. Na sake buga takardar, na ga na biyun ya koma 192.168.1.42, na farkon yana nan yadda yake. Mene ne bambancinsu? Ko firintar ce ta lalace?

Wa alaikumus salam, Malama. Firintarki lafiyarta ƙalau. Da kika sake buga takardar kika kwatanta, ai kin yi rabin aikin da ake kiran irinmu mu yi, domin abin da kika gani shi ne ciwon kansa. Adireshin da ya zauna daram nata ne, da shi ta baro masana'anta. Wanda ya tashi na aro ne: rautar gidanki ce, wato na'urar da ke ba ki Wi-Fi, ta ara mata, daga baya ta karɓe ta ba ta wani. Ita kuwa kwamfutarki na aron ta rubuta ta ajiye, har yau can take zuwa tana sallama, ba mai amsawa.

Mai haruffa da lambobi a gauraye shi ne adireshin MAC. Wasu firintocin "Hardware Address" suke rubutawa, Windows kuma "Physical Address" take ce masa, duk abu ɗaya ne. Tsawonsa bit 48 (bit shi ne 0 ko 1 guda ɗaya a lissafin kwamfuta), ana rubuta shi da alamomi 12, bibbiyu sau shida. Haruffan ciki su ma lambobi ne, a tsarin ƙidaya mai gida 16: bayan 0 zuwa 9, A na tsayawa a madadin 10, B 11, har zuwa F 15. Ba za ki taɓa ganin G ko O a ciki ba. In kin ga abin da ya yi kama da O, sifiri ne, kuma yawancin kuskuren kwafe shi a nan yake, sai kuma rikita B da 8. Wata na'ura tana raba shi da ɗigo bibbiyu, Windows da karan ɗori, wata firintar a haɗe take buga shi. Ba ya canza komai.

Alamomi shida na farko lambar kamfani ce, ƙungiyar IEEE ke raba ta ga masu ƙera na'urori. Kamfanin ne ke cike shidan ƙarshe, kowace na'ura da nata, don kada biyu su yi karo. Bit 48 na ba da adireshi sama da tiriliyan 281. Kada ki yi mamaki in rauta ta nuna sunan wani kamfani daban a gaban firintarki; sau da yawa lambar ta wanda ya ƙera ɗan guntun Wi-Fi da ke cikinta ce, ba ta wanda sunansa ke jikin murfi ba.

Tsarin ya girmi Wi-Fi nesa ba kusa ba. Daga Ethernet ya fito, wato hanyar haɗa kwamfutoci da kebul, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka a 1973, kuma adireshi mai bit 48 ya shigo da ƙa'idar da DEC da Intel da Xerox suka fitar tare a 1980. Abin da ke ba ni dariya, cikin buƙatun da suka haifi Ethernet har da yadda kwamfutocin cibiyar za su riƙa tura shafuka ga firintar leza da aka ƙera a can. Tun ran gini tun ran zane: netwok da firinta tare suka taso.

Na biyun, mai lambobi huɗu da ɗigo a tsakani, shi ne adireshin IP. Kowace lamba daga 0 zuwa 255 take, duka bit 32, bisa tsarin IPv4 da aka tsayar a 1981. Ba a jikin firintar yake ba. Matsayinta yake faɗi a cikin netwok ɗin da ta shiga. A takardarki za ki ga wani layi mai 255.255.255.0. Wannan shi ke raba adireshin gida biyu: lambobi uku na farko, 192.168.1, sunan netwok ɗin ne, ta ƙarshe kuma lambar na'urar ce a cikinsa. Gurabe 254 ke nan, daga 1 zuwa 254, kuma yawanci rauta kan riƙe 1 wa kanta. Duk adireshin da ya fara da 192.168, ko da 10, ko daga 172.16 zuwa 172.31, an keɓe shi ne don amfanin cikin gida da ofis, bisa ƙa'idar da aka fitar a 1996. Gidaje bila adadin suna da 192.168.1.37 a wannan lokacin, ba sa karo, domin adireshin ba ya fita intanet.

To me ya sa ba a wadatu da ɗaya ba? Ki ɗauki masauki. Baƙo yana da sunan yanka da ya zo da shi, yana kuma da lambar ɗakin da aka ba shi. Sunan ba ya faɗin inda yake. In kin san sunan kawai, sai kin tsaya tsakar gida kin ɗaga murya. Lambar ɗakin ita ke nuna bene da lungu, amma ba tasa ba ce, yau shi ne a ciki, jibi wani. Adireshin MAC haka yake: ba tsarin wuri a cikinsa, na'urori biyu masu lamba maƙwabta za su iya kasancewa ɗaya a Japan ɗaya a Brazil. Amfaninsa a cikin netwok ɗaya ya tsaya, ba ya tsallake rauta. Adireshin IP kuwa a jere yake, daga ganinsa ake sanin ko na cikin gida ne ko sai an miƙa wa rauta ta fitar. Manhajar buga takardu da IP take magana, shi ya sa ta ƙi karɓar na farkon.

Amma a taki na ƙarshe, ba a isar da saƙo sai da MAC. In kin danna buga, kwamfutarki na duba 192.168.1.37, ta ga lambobi uku na farko sun yi daidai da nata, ta san ɗan gida ne. Sai ta yi shela ga kowa da ke netwok ɗin: wa ke riƙe da 192.168.1.37? Ya faɗo mini MAC ɗinsa. Mai riƙe da shi ya amsa, ta rubuta a wani ɗan jadawali na ɗan lokaci, ta ɗora MAC ɗin a goshin kowane ƙunshin bayanai ta tura. Wannan shelar ita ce ARP, tun 1982 ake amfani da ita. A halin da kike ciki yanzu, ɗayan biyu ne ke faruwa: ko kwamfutar ta yi shela shiru, ko wata na'ura da ta gaji lambar, talabijin ko waya, ta amsa, a miƙa mata aikin da ba ta san yadda ake yi ba.

Mai rabon lambobin ɗakin ita ce rauta, ta hanyar da ake kira DHCP. Firinta na shiga Wi-Fi ba ta da IP ko ɗaya, sai MAC ɗinta. Da shi take kira ta ce a ba ta wuri. Rauta ta yi mata tayin lamba, ta ce ta karɓa, rauta ta tabbatar, ta rubuta a littafinta cewa MAC kaza na riƙe da lamba kaza zuwa lokaci kaza. Wa'adin ya danganta da rauta, a da yawa kwana ɗaya ne, a wasu sa'o'i kaɗan. Na'ura tana neman sabuntawa tun wa'adin yana rabi, saboda haka wadda ke kunne kullum takan shekara da lamba ɗaya. Firinta kuwa ana kashe ta kwana biyu ko uku, wa'adi ya ƙare, lambar ta koma rumbu, wanda ya riga zuwa ya ɗauka. Ko kuma wuta ta ɗauke, rauta ta tashi ta mance littafinta, domin da yawa cikin na gida ba sa ajiye shi in an kashe su. Kowa ya sake layi, waya ta riga firinta. Firinta takan roƙi tsohuwar lambarta, amma in an riga an bayar, sai haƙuri.

Wayarki ba ta faɗa wannan ramin ba saboda ba ta ajiye lamba. Duk lokacin da za ta buga, sai ta tambaya ko akwai firinta a kusa, firintar ta amsa da sunanta da lambar da take riƙe da ita a wannan lokacin. Wannan shi ne mDNS, wanda Apple ke kira Bonjour. A kansa AirPrint ta iPhone ke tafiya tun 2010, wayoyin Android ma shi suke bi. Kwamfuta ma za ta iya haka in kin bar ta ta nemo firintar da kanta. Ke da hannu kika rubuta mata lamba, ita kuma ta riƙe amana.

Maganin da nake ba da shawara shi ne ki ɗaure adireshin biyu wuri ɗaya a cikin rauta, ta yadda duk sanda wannan MAC ɗin ya zo, lamba ɗaya za a ba shi, ba kuma za a ba wani ita ba. Ki duba takardar nan, layin da aka rubuta "Gateway", shi ne adireshin rautar, wataƙila 192.168.1.1. Ki rubuta shi a burauza, ki shiga da kalmar sirrin rautar, wadda sau da yawa daban take da ta Wi-Fi. In ba a taɓa canza ta ba tana manne a ƙasan rautar. Ki nemi sashen DHCP ko LAN. Sunan abin na bambanta: "Address Reservation", ko "Static Lease", ko "IP & MAC Binding". Ki zaɓi firintar daga jerin na'urori in akwai jerin, ya fi kwafe MAC da hannu aminci. Ki ajiye, ki kashe firintar ki kunna, ki sake buga takardar ki tabbatar.

Wace lamba za ki ɗaure mata? In 37 ba kowa a kanta, ki mayar mata da ita, kin huta taɓa kwamfuta. In wani ya zauna a kai, kuma kwamfuta ɗaya ce kike da ita, ki bar ta a 42, ki cire firintar daga kwamfuta ki sake saka ta da sabuwar lambar. In kuwa kwamfutoci da yawa ne suka rubuta 37, ya fi sauƙi ki ɗaure 37 ɗin, ki sake kunna rautar da na'urar da ta mamaye wurin, ta je ta nemi wani.

A nan mutane kan yi tuntuɓe. Firintar da ke da Wi-Fi da kuma ramin kebul tana da MAC biyu, kowace ƙofa da nata. Wanda ke manne a bayanta sau da yawa na kebul ne. In kika ɗaure shi alhali ta Wi-Fi take shigowa, rauta ba za ta gane ta ba, ki zauna kina mamakin abin da ya hana saitin kamawa. Ki ɗauki wanda ke ƙarƙashin sashen Wi-Fi a takardar. Sannan akwai wani layi mai suna BSSID da ya yi kama da MAC sak. MAC ne kuwa, amma na rautar da firintar ta kama, ba nata ba.

Akwai hanya ta biyu: ki shiga saitin firintar ki rubuta mata IP da hannu, ta daina roƙon rauta. Tana aiki, amma ba na son ta ga wanda bai saba ba, domin rauta ba ta san da zancen ba. Na taɓa shafe yini biyu a wani ofis kan firintar da ke aiki lafiya da sassafe, ƙarfe tara na yi ta fara yanke aiki a tsakiya. An canza kebul, an sake saka manhaja, har an fara maganar mayar da ita. Ashe wanda ya kafa ta ya rubuta mata 192.168.0.100, rautar kuma daga 100 take fara rabo. Da daddare ana kashe firintar, wayar wata ma'aikaciya da ke tashi daga aiki a makare ta samu lambar, ta riƙa dawowa da ita kowace safiya. Abin da ya tona asirin shi ne jadawalin ARP: lamba ɗaya, amma MAC ɗin da ke gabanta yana sauyawa tsakanin biyu. In dole ne ki bi wannan hanyar, ki fara duba iyakar rabon rautar. In daga 100 zuwa 199 take bayarwa, ki zaɓi 20 ko 220. Ki kwafe layin 255.255.255.0 da adireshin rautar yadda suke. Ki kuma tuna ranar da kika kai firintar wani netwok, ba za ta yi magana da kowa ba sai kin mayar da ita kan karɓa da kanta.

Da zarar kin iya karanta adireshin IP, takardar nan ta zama ma'aunin zafi. In kika ga 0.0.0.0, yawanci firintar ba ta shiga Wi-Fi ba ne. Ki koma kan sunan netwok da kalmar sirri. In ya fara da 169.254, ta nemi lamba ba wanda ya ba ta, sai ta raɗa wa kanta; kwamfutar da ke kan 192.168 ba za ta same ta a can ba, ki kashe rauta da firinta ki kunna, rautar da fari. In kuwa firinta tana 192.168.1.42 kwamfuta tana 192.168.0.15, da lambobi ukun farko sun saɓa, ba gida ɗaya suke ba. Yawanci rauta biyu ce a wurin, kowacce na nata rabon, ko kuma ɗaya ta shiga netwok ɗin baƙi. Netwok ɗin baƙi da gangan aka yi shi don na'urori su samu intanet amma kada su ga juna, har shelar mDNS ba ta wucewa. Don ganin lambar kwamfutarki a Windows, ki buɗe Command Prompt ki rubuta ipconfig. Daga nan ki rubuta ping 192.168.1.42, ki biyo da arp -a. Za ki ga lambar da MAC a gabanta. In ya yi daidai da na takardarki, da firintarki kike magana, ba da wani ba. Gwajin da na fi so ma ya fi wannan sauƙi: ki rubuta lambar firintar a burauza. Kusan duk firintar netwok tana da ɗan shafinta, mai nuna tawada da saiti. In ya buɗe, netwok ba shi da laifi, sai a koma kan kwamfuta.

Wani zai ce miki dole kwamfuta da firinta su hau zangon Wi-Fi ɗaya, tunda firintoci da yawa 2.4 GHz kaɗai suke ji, kwamfuta kuma tana kan 5 GHz. Ba haka ba ne. Muddin rauta ɗaya ce kuma ba a raba su da gangan ba, zangunan biyu ƙofofi ne na gida ɗaya, daga rumbu ɗaya ake ba su lamba. Abin da ake buƙata kawai a bar 2.4 a kunne don firintar ta samu ta shiga.

Tunda kin shiga rautar, za ki ga wani saiti na tace na'urori da MAC, wanda ke barin waɗanda aka rubuta kaɗai su shiga. In a kunne yake, dole ki ƙara firintar, in ba haka ba za ta yi ta cewa ta kasa haɗuwa alhali kalmar sirri daidai take. In a kashe yake, ki bar shi haka. Tsaron da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba: MAC a fili yake yawo a iska ko da an rufe netwok da WPA2, tsarin ɓoye bayanan Wi-Fi, kuma na'ura na iya aron na wani cikin minti ɗaya. Wahalarsa ma ta ƙaru, domin tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 wayoyi ba sa nuna MAC ɗinsu na asali, kowane netwok da wanda suke ƙirƙira masa, don kada a bi sawunsu. Ana gane irin wannan da alama ta biyu: in 2 ce, ko 6, ko A, ko E, ƙirƙirarre ne. Na firintarki C ce, na masana'anta ne, shi ya sa ɗaurin zai riƙe. Abu ɗaya da kan ɓata shi shi ne na'urar ƙara nisan Wi-Fi. Wasu daga cikinsu suna sauya MAC ɗin duk wanda ya bi ta kansu kafin ya isa rauta. In firintarki ta irin wannan na'urar take shigowa, ki ɗaure MAC ɗin da rauta ke nunawa a jerinta, ba na takarda ba.

Ƙila ki ga adireshi na uku a ƙasan takardar, dogo, mai farawa da fe80. Na IPv6 ne, sabon tsarin adireshin IP, na'ura ke ba wa kanta shi don magana a cikin gida. Ki ƙyale shi.

In bayan duk wannan shafin firintar yana buɗewa a burauza amma Windows ta nace ba ta kan layi, ki shiga "Printer properties", sashen "Ports", ki duba wace lamba aka rubuta a layin da aka yi wa alama. Sau da yawa tsohuwar ce ke nan zaune. In lambar daidai take, ki danna "Configure Port" ki cire alamar da ke kan "SNMP Status Enabled". Windows na amfani da SNMP ta tambayi firinta halin da take ciki, in ba ta samu amsa ba sai ta yanke hukuncin ba ta nan, ko da za ta karɓi aiki lafiya lau. Ki kuma share ayyukan da suka maƙale a layin jira tun kwanakin baya, don kada su kwararo gaba ɗaya da zarar hanya ta buɗe.

Da kin gama, ki rubuta MAC ɗin Wi-Fi da lambar da kika ɗaure a 'yar takarda ki manna a gefen firintar. Ɗaurin a cikin rautar yake zaune, ranar da aka canza ta ko aka mayar da ita saitin masana'anta zai tafi da ita, sai kin sake yi a sabuwar.